Inda ake ɗaura tirela a bayan tarakta

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam gidan shinkafa da tumatir. Amma hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwan sirara ne, ga kwanoni masu tsauri, ga kwalbatoci masu doro. A nan tarakta mai jan tirela cike da buhunan shanshera, ko kwandunan tumatir da za su kasuwar Kwanar Gafan, take gamuwa da matsala iri biyu. In wuyan tirelar gajere ne, tayar baya ta tarakta takan gogi gaban bodi a kwana. In kuma wuyan ya yi ƙasa, yakan daki doron kwalbati, fin da ke haɗa tirelar da tarakta ya lanƙwashe ko ya yi tsalle ya fita.

Dabarar da direbobi suka fi yi ita ce mafi haɗari: su cire tirelar daga ƙarfen ja na ƙasa su ɗaura ta can sama, kusa da mazaunin direba, don ta daina taɓa ƙasa. Masu ƙera tarakta ba da wasa suka sa ƙarfen jan ƙasa da tsakiyar tayoyin baya ba. Idan nauyi yana ja daga ƙasa, gaban tarakta yakan danne ƙasa. Idan daga sama yake ja, kuma tayar tirela ta cije a taɓo, injin bai daina juyawa ba, sai gaban ya ɗaga kamar doki mai taɓarya. Kafin daƙiƙa guda ta cika taraktar ta wuce inda za ta dawo, kuma direba ne a ƙarƙashinta.

Za a ce ai shekaru ana haka ba abin da ya faru, kuma lokacin kaka ba mai haƙurin ajiye tarakta a gareji alhali tumatir na ruɓewa. Gaskiya ne, sai dai gyaran bai kai yini ba, kuma a jikin tirela ake yin sa. Mai walda zai ƙara wa wuyan tsawo har tayar ta daina kai wa bodi, ya karkato bakinsa ya yi daidai da ƙarfen ja, yadda tirelar za ta tsaya miƙe da kaya a kanta. A gwada ta da lodi, domin fanko ba ya nuna inda za ta nutse. Guntun rodi da ake cusawa a madadin fin kuwa, ƙarfe ne mai laushi. A sayi fin na ainihi mai makulli, a haɗa da sarƙa.

Sai yaron mota. Kada ya shiga tsakani yana riƙe da wuyan tirela direba na yin ribas. A tokare wuyan da jak, a sa dutse a tayoyi, ya tsaya gefe yana ba da hannu, sai an ja birkin hannu sannan ya zura fin.