WA YA KASHE BIGGIE? Mahaifiyarsa ta rasu ba ta ji amsa ba

Duk wanda ya kalli fim ɗin City of Lies zai tuna wata dattijuwa da ta fito tana maganar ɗanta da aka bindige. 'Yan kallo da yawa sun ɗauka 'yar wasa ce darakta ya ɗauko. Ina! Voletta Wallace ce da kanta, mahaifiyar shahararren mawaƙin nan na Amurka, Christopher Wallace, wanda samari suka fi sani da Biggie ko Notorious B.I.G.

Abin ya faru ne ran 9 ga Maris, 1997, a birnin Los Angeles. Biggie ya fito daga wani fati cikin dare, motarsa ta tsaya a danja, sai wata mota ƙirar Chevrolet Impala ta matso gefensa aka buɗe masa wuta. Harsashi huɗu ya same shi, ya cika a asibiti yana ɗan shekara 24. Wata shida kafin nan aka harbe Tupac Shakur a Las Vegas, shi ya sa nan take gari ya ɗauka ramuwar gayya ce.

Voletta malamar makarantar yara ce, 'yar asalin Jamaika, kuma shi kaɗai Allah ya ba ta. Da ta ga shekaru na tafiya ba a kama kowa ba, sai a 2002 ita da matar marigayin, mawaƙiya Faith Evans, suka maka hukumar birnin Los Angeles a kotu. Zarginsu shi ne akwai hannun wasu gurɓatattun 'yan sanda a kisan. Ba daga sama suka tsinci maganar ba. Wani jami'in bincike, Russell Poole, ya daɗe yana faɗin haka, har ya ajiye aiki a 1999 saboda a ganinsa manyansa sun hana shi bin diddigi.

To, a nan ne labarin ya fi fim. Ana tsakiyar shari'a a 2005 sai ga wasu takardu sun ɓulla daga durowar wani ɗan sanda, takardun da ya kamata a ce tuni an miƙa wa lauyoyin iyalin. Mai shari'a ta rushe zaman, daga baya ta umarci birnin ya biya su sama da dala miliyan ɗaya na ɗawainiyar shari'a. Kowa ya zaci asiri ya kusa tonuwa. Amma a 2010 aka rufe ƙarar ba tare da an kai ga hukunci ba. Wani tsohon jami'in, Greg Kading, ya fito da littafi a 2011 yana cewa ba 'yan sanda ba ne, wani ɗan daba ne aka biya, kuma shi ma an kashe shi tun 2003. Magana ta rabu biyu ke nan.

Da kotu ta gagara, sai baiwar Allah ta rungumi kyamara. Tana cikin furodusoshin fim ɗin Notorious na 2009, inda Angela Bassett ta fito a matsayinta, jikanta kuma ya hau rol ɗin babansa yana yaro. A City of Lies, Johnny Depp ne ya fito a matsayin Poole, wanda bai ga fim ɗin ba, domin ya rasu a 2015 yana kan bin maganar. Shi kansa fim ɗin ya sha wuya: an sa ranar fitowarsa a 2018 aka janye, sai 2021 ya shiga silima a Amurka. Gaskiya fim ɗin yana da jan ƙafa, amma fitowar uwar nan kaɗai ta biya kuɗin kallo.

A 2023 an kama mutum ɗaya a kan kisan Tupac. Voletta kuwa ta rasu ran 21 ga Fabrairu, 2025, kusan shekara 28 bayan ɗanta, ba a taɓa gurfanar da kowa a kan jininsa ba.