Abin da Muka Gani a Gidajen Burukutu

'Yan'uwa manoma, a zagayen da muka yi cikin ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna mun leƙa gidajen da ake dafa burukutu. Ba sha ya kai mu ba. Mun je ne mu ga inda dawarmu take tafiya.

Yawancin masu wannan sana'a mata ne. Sukan jiƙa jar dawa, su baza ta, su rufe har ta yi tsiro cikin kwana huɗu ko biyar. Sai a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa. A bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, a zuba ragowar tsohuwar giya domin ta tashi. Bayan kamar kwana biyu sai sayarwa a ƙoƙo. Burukutu ba ta ajiyuwa, saboda haka kullum tukunya tana kan wuta, tana cin dawa da itace.

Manyan kamfanonin giya ma sun shiga sayen dawa tun 1988, lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Masu saye sun yi yawa, rumbu kuwa ɗaya ne.

Don haka kafin mu sayar da ko mudu ɗaya da kaka, mu ware abincin iyali har sabuwar dawa ta nuna, da irin shuka. Kada mu sayar da arha, mu sayo da tsada a tsakiyar damina.

Masu kiwon alade kuma su lura: dusar da ake tacewa abinci ce mai kyau. A ba su ran da aka karɓo, ko a shanya ta sosai, gama tana saurin yin fumfuna.