Taurin Sitiyari da Sako-Sakonsa a Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu: Gano Cuta da Gyara, da Misali daga Land Rover

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake gano dalilin taurin sitiyari ko sako-sakonsa a mota mai ja da ƙafa huɗu, da kuma yadda ake gyarawa. Na kafa misalaina a kan Land Rover samfurin Series, musamman Series IIA wadda ta fito a 1961, da Series III wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Dalili kuwa biyu ne. Na farko, ita ce motar da malaman gona da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna ratsa ƙauyukanmu da ita, har yanzu ma ana cin karo da ita nan da can. Na biyu, sitiyarinta ba shi da famfon taimako, komai nasa a fili yake, ɗalibi yana iya bin sa da ido da hannu daga farko har ƙarshe.

Abin da nake so in tabbatar wa mahalarta shi ne, tauri da sako-sako sau da yawa matakai ne biyu na cuta guda. Mai ya ƙare, ƙarfe ya bushe, sitiyari ya yi tauri. Direba ya ci gaba da murɗawa da ƙarfi, ƙarfe ya ci ƙarfe, sa'an nan wasa ya shigo. Wanda bai fahimci wannan ba, yakan magance na biyu ta hanyar ƙara tsananta na farko.

2.0 Hanyar da juyi yake bi

Idan direba ya juya sitiyari, juyin yana gangarawa zuwa akwatin sitiyari, inda wani ƙarfe mai zare yake tura noti a kan ƙananan ƙwallaye. Daga akwatin wani hannu yana tura sanda ta farko, wadda ta miƙe zuwa goshin mota. A can, cikin ƙarfen da ya gitta shasi, akwai wata na'ura da littafin kamfani ya kira rile, watau mai karɓar juyi ya miƙa shi gaba. Rile yana da hannu a sama da hannu a ƙasa. Na ƙasan yana jan sanda ta biyu zuwa ƙafa ɗaya, sanda ta uku kuma, wadda kanikawa suke kira tairod, ta haɗa ƙafafun gaba biyu. Kowace sanda tana da mahaɗa mai kan ƙwallo a bakinta biyu, watau bol-joyin, jimla shida ke nan.

Inda mota mai ja da ƙafa huɗu ta bambanta da sauran motoci shi ne, ƙafar gaba tana aiki biyu a lokaci guda: tana ja, tana kuma karkata. Saboda haka a kowane gefe na aksul akwai wani ƙarfe mai sheƙi, mai siffar tulu, wanda mahaɗar shaf take juyawa a cikinsa. Ƙoƙon da yake riƙe da ƙafa yana karkata a kan wannan tulu bisa ƙusa biyu: ta sama tana cikin bushin mai suna Railko, ta ƙasa kuwa tana kan boris. Akwati da rile da tulu, dukansu man giya mai lamba 90 suke sha.

3.0 Tauri

Kafin a ɗauki sifana, akwai abu biyu da ba su cin ko kwabo. Na farko iskar taya. Tayar gaba mai ƙarancin iska, ko wadda ta fi ƙa'ida faɗi, tana nauyaya sitiyari ƙwarai. Na biyu, a duba ko an manta mota a cikin ja da ƙafa huɗu. Series ba ta da giyar tsakiya mai raba gudu tsakanin aksul na gaba da na baya. In aka danna maɓalli mai ruwan ɗorawa, ko aka ja jan liba zuwa ƙaramar giya, aksul biyun sun ɗaure ke nan. A kan rairayi ko laka babu laifi, domin taya tana iya zamewa. Amma a kan kwalta, ƙafafun gaba suna yin tafiya mafi nisa a kwana, babu kuma inda bambancin zai fita, sai shaf ya murɗe, sitiyari ya ƙage, taya ta riƙa kuka. Maganin shi ne a fitar da ita, in ta ƙi fita a ɗan ja da baya.

In waɗannan lafiya suke, sai a ɗaga gaban mota da jak, a tokare ta da kyau, a fara rarraba tuhuma. A cire mahaɗar sanda ta biyu daga ƙafa, sa'an nan a juya sitiyari. Idan ya yi sauƙi, cutar tana tulu ko a tairod. Idan taurin yana nan, a cire sanda ta farko daga hannun rile na sama a sake juyawa. Ya saki? To rile ne. Bai saki ba? Akwati ne ko borisan sandar sitiyarin kanta. Wannan aiki bai fi na sa'a guda ba, kuma shi ne bambancin bakanike da mai canki-canki.

A iya abin da na gani, rile ya fi kowa yawan laifi, kuma dalili shi ne an ɓoye shi inda ido ba ya kaiwa, har masu mota da yawa ba su san yana shan mai ba. A cikinsa akwai bushin masu siffar mazurari waɗanda wani ƙaƙƙarfan sifirin yake dannawa, domin su shanye dukan da hanya mai gargada take aikowa kafin ya iso hannun direba. Watau dama an yi shi da ɗan nauyi da gangan. Amma in robar ƙasa ta lalace mai ya tsiyaye, ruwan damina ya shiga, sai tsatsa ta kama sandar ciki. Ana zuba masa mai ta hanyar kwance ƙusa biyu na murfin sama, a ɗiga ta rami ɗaya iska ta fita ta ɗayan, a hankali, ana jujjuya sitiyari. Aikin haƙuri ne. Sai dai ina gargaɗin malamai masu koyarwa a ɗakin aiki: kada a bar ɗalibi ya farke rile shi kaɗai, domin sifirin ɗin a matse yake, in ya kuɓuce yana iya fasa fuska.

Shi kuwa tulu, ƙura da yashi ne maƙiyansa. Suna karce sheƙin, tsatsa ta yi ramuka, ramukan su yanke robar da take share shi, mai ya zube. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Bushin na sama ba ya nutse cikin mai. Yana samun rabonsa ne daga fantsamar da mahaɗar shaf take yi in tana juyawa. Wasu sukan sa wa ƙafafun gaba makullin da yake raba su da shaf don tsimin fetur. In aka bar shi a buɗe wata da watanni, shaf ba ya juyawa, bushin ya bushe alhali tulu cike yake da mai. Ya kamata a riƙa kulle shi jefi-jefi a yi 'yan kilomitoci.

4.0 Sako-sako

Alamunsa sanannu ne: mota tana yawo a hanya, direba yana ta kamo ta dama da hagu, ko kuma ta faɗa rami sitiyari ya kama karkarwa. A ƙa'idar binciken motoci ta Ingila, sitiyari mai akwati irin wannan, in faɗinsa milimita 380 ne, ba a yarda wasansa a baki ya wuce milimita 75 ba. Ni a ganina wannan iyakar haƙuri ce, bai kamata mai mota ya jira ya kai can ba.

Binciken sako-sako, saɓanin na tauri, ana fara shi ne ƙafafu suna ƙasa, domin nauyin mota ya riƙe su. Mutum ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, ɗayan ya bi hanyar da muka zayyana, yana dafa kowace mahaɗa da tafin hannu. Abin da ido bai gani ba hannu zai ji. A duba ko akwatin kansa yana motsi a mazauninsa. Ko hannayen rile sun saki a kan haƙoransu. Ko rile ɗin ɗungurungum yana rawa a cikin raminsa. Milimita ɗaya a nan, ɗaya a can, in aka tara ta wuri shida ko takwas, sai ta zama taƙi guda a hannun direba. Mahaɗar da ta mutu canja ta ake yi. Al'adar nan ta bubbuga ta da guduma, ko cusa mata guntun roba don ta daina ƙara, wasa ne da rai, domin ranar da kan ya fice daga gurbinsa, ƙafa ba ta sauran mai ba ta umurni.

Bayan haka a ɗaga ƙafa, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In an ji ƙwas-ƙwas, a sa wani ya taka birki a sake. Idan wasan ya ɓace, borisan ƙafa ne. Idan yana nan, ƙusoshin tulu ne. A ƙarƙashin ƙusar sama akwai siraran farantai. Rage su yana ƙara matsi, ƙara su yana sassautawa. Ba da ka ake yi ba. Ana cire sanduna da robar tulu, a maƙala sikelin rataye a ramin mahaɗa a ja. A Series III nauyin da ake nema yayin da ƙoƙon yake tafiya kusan kilo huɗu ne. Ƙasa da haka karkarwa, sama da haka tauri. Wannan dabara ta farantai da sikeli ita ce dai ake bi a Toyota Land Cruiser 70, wadda ta fito a 1984, ko da yake ita boris ne sama da ƙasa, kuma giris take sha, adadinta ma daban ne.

Kada a manta da abin da ya riƙe aksul. In ƙusoshin da suka ɗaure shi a kan sifirin sun saki, ko bushin sifirin sun ruɓe, aksul zai riƙa gocewa, kuma duk gyaran da aka yi a sama banza ne.

5.0 Ƙusar akwati

Na bar wannan a ƙarshe da gangan, domin a garejinmu ita ake fara taɓawa. A jikin akwati akwai ƙusa mai noti wadda take rage wasan ciki. An taɓa kawo mana wata mota ɗakin aiki, mai ita yana kukan cewa an gyara masa sako-sako amma yanzu in ya sha kwana sitiyari ba ya komowa. Da muka bincika, mahaɗa biyu sun mutu, rile babu ɗigon mai, akwatin da ba shi da laifin komai kuwa an ɗaure shi tam. Wasan yana nan, an dai lulluɓe shi da tauri.

Akwati ya fi cinyewa a tsakiya, inda mota take yini tana tafiya. In aka matse shi har wasan tsakiya ya ɓace sarai a tsohon akwati, zai cije a gefe, inda bai cinye ba. Ƙa'ida ita ce a ɗaga gaban mota, a miƙe ƙafafu sak, a sassauta noti, a shigar da ƙusar kaɗan-kaɗan har wasa ya ragu, a ɗaure, sa'an nan a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In an ji ya cije a wani wuri, a koma baya. In ba a sami matsayin da babu wasa mai yawa kuma babu cizo ba, akwatin ya gama aiki, sai a sake kayan cikinsa.

Duk lokacin da aka canja mahaɗar tairod, wajibi ne a sake auna daidaiton ƙafafu. A Series, tazarar gaban ƙafafun tana gaza ta bayansu da milimita 1.2 zuwa 2.4. Amma kada a ɗauki wannan adadi a kai wa Land Rover 110 da 90, waɗanda suka fito a 1983 da 1984. Su kullum da ƙafa huɗu suke ja, kuma nasu gaban ƙafafun buɗewa yake yi kaɗan, daga sifiri zuwa milimita 2.