Yadda Ake Yini da Kwana a Hamada da Babur

Mu mutanen Yako da kewaye, masu Madatsar Tiga da Dajin Falgore, ba mu san tsadar ruwa da inuwa ba. Masu ratsa hamadar Tenere, gabas da Agadas a ƙasar Nijar, su suka sani.

Rana ce ke tsara musu yini. Da asuba sukan naɗe tanti, su sha shayi, su rage iskar taya don kada babur ya kafe cikin rairayi. Su yi ta tafiya har hantsi. In rana ta take, sai a kafa rumfa a jira la'asar, gama zafi na jigata mutum da inji. Da almuru a yada zango, a duba sarƙa, a kakkaɓe ƙura, a gasa gurasa cikin rairayi da garwashi kamar yadda Abzinawa ke yi. Dare kuwa sai da bargo.

Ruwa da fetur auna su ake yi, kuma ba a rabuwa da jagora. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur ɗinsa a Sahara, da ƙyar aka gano shi. Babur ya fi raƙumi sauri, amma raƙumi ya fi shi jure ƙishirwa.