Abin da ke mai da magidanci ɗan tsokana a intanet

A unguwa ana ganin girmansa, ko a fada ba ya ɗaga murya. Amma da ya riƙe salula sai ya shiga Facebook ko TikTok da sunan boge, ya zagi wadda ta saka hoton sana'arta, ya tsokani jama'a har su fusata, shi kuwa yana dariya. Manya da yawa sun faɗa cikin wannan hali, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddiginsa.

Tun a 2004 masanin nan na Amurka, John Suler, ya bayyana yadda intanet ke kwance wa mutum linzami. Ba a san sunansa ba, ba ya ganin fuskar wanda yake zagi, kuma yana iya jefa magana ya kashe waya ya tafi. Kunyar da kan hana shi cin mutuncin maƙwabci ido da ido ba ta samun inda za ta kama shi.

Wani bincike da Erin Buckels da abokan aikinta suka wallafa a Kanada a 2014 ya gano cewa waɗanda suka fi son tsokana su ne masu jin daɗin ganin wani cikin ɓacin rai. A wurin irinsu, fushin wanda aka zaga shi ne riba, shi ya sa mayar musu da martani ke ƙara musu ƙaimi.

Sai dai lamarin bai tsaya ga masu mugun hali ba. A 2017 masu bincike na jami'o'in Stanford da Cornell sun gwada mutane ta hanyar ba wasu tambayoyi masu sauƙi, wasu kuma masu wuya don a ɓata musu rai, sannan aka sa su tofa albarkacin bakinsu kan wani labari. Cikin waɗanda ransu ke kwance kuma suka tarar da kalamai masu tsabta, kashi 35 cikin 100 ne suka yi tsokana. Waɗanda ransu ya ɓaci kuma suka iske wasu sun riga sun fara zagi, adadinsu ya kai kashi 68. Binciken ya kuma nuna cewa abin ya fi yawa da tsakar dare.

Wasu kan fake da cewa wasa ne. To amma taubasantaka, wadda UNESCO ta saka cikin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, tana da ƙa'ida: an san juna, an san iyaka, kuma kowa na da damar ramawa a yi dariya tare. Ɗan tsokana ya ɓoye fuskarsa, ya bar wanda ya zaga da baƙin ciki, wani lokacin har ya rufe shafin da yake neman abinci da shi.

Doka ma ba ta ɗauke shi wasa ba. A watan Yunin 2024 hukumomin Yamai sun gyara dokar 2019 kan laifukan intanet, suka dawo da ɗauri na shekara 1 zuwa 3 ga wanda ya yi zagi ko ƙazafi ta waɗannan kafofi. Ga wanda ake tsokana, abin da ya fi shi ne kada ya amsa, ya ajiye hoton saƙon a matsayin hujja, sannan ya toshe mai shi.