Katakon Ado A Gefen Murhu: Kafin Ki Kira Kafinta

A hunturun da ya wuce wata mata ta shigo kantinmu sau uku cikin mako biyu tana saya wa ɗanta mai shekara huɗu maganin tari. A zuwa na uku na ce, "Hajiya, me ya canja a gidan?" Ta yi jim, can ta ce ai gyaran falo suka yi. An jera siraran katako a tsaye a bango, an kafa murhun lantarki mai nuna harshen wuta ƙarƙashin talabijin, kuma kullum dare a kunne yake, tagogi a rufe. Na ce ta kashe shi, ta buɗe tagogi, ta kai yaron wurin likita a duba ƙirjinsa.

Adon yana da kyau, ni ma yana burge ni. Amma yawancin abin da kafintoci ke yankawa allon MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam. Gam ɗin yana fitar da sinadarin fomaldihaid, kuma zafi yana ƙara yawan abin da ke fita. Yana sa yajin ido da ƙaiƙayin maƙogwaro, yana tayar da asma. Tun 2004 hukumar binciken kansa ta duniya ta saka shi cikin abubuwan da ke jawo kansa. Ga kuma fenti da man sheƙin da ake shafawa, waɗanda kan yi makonni suna wari. Idan da hali, ki nemi katako na gaske, a yi masa fenti a waje, ya sha iska sosai kafin a kafa shi.

Sai batun gobara. Murhun lantarki yakan ja wat 1,500 idan an kunna ɗuminsa, don haka yana buƙatar soket nasa a bango. Kada a haɗa shi da talabijin a wayar jone guda, kada kuma katako ya toshe ramin da iska mai zafi ke fita. Labule da kujera su yi nesa da gabansa kamar mita ɗaya.

Masu tsofaffin gidaje a Jos, inda ake da murhun itace na gaske mai bututun hayaƙi, nasu ya fi tsanani. Dokar gini a Amurka ta hana katako matsowa bakin murhu ƙasa da santimita 15, kuma wannan mafi ƙaranci ke nan. Katakon da ya daɗe yana shan zafi yakan bushe ya fara zama gawayi ta ciki, har wata rana ya kama da zafin da a da bai isa ya kunna shi ba. Bulo ko dutse ko tayil ya kamata su kewaye bakin, katako ya fara daga can nesa. A kuma duba bututun kafin sanyi ya shigo, domin idan ya toshe, iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, cikin ɗaki za ta dawo.

Idan yaro ya ƙone, ki sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. Ƙunar da ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ko ta kai faɗin tafin hannunsa, ki rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi ku wuce asibiti.