Yadda Ake Share Tsofaffin Alamomi Daga Gefen Agogon Kwamfuta

'Yan uwa ɗalibai, a fitowar wannan mako mun leƙa wani ɗan lungu ne na allon kwamfuta da kowa ke gani kullum amma ba kowa ke kula da shi ba. Shi ne can ƙasa ta hannun dama, kusa da agogo, inda ƙananan alamomi ke jere: ta batir, ta sauti, ta intanet, ta manhajar riga-kafin bairos, da wadda ake dannawa kafin a zare filash. Nan ne kwamfuta ke yi mana gargaɗi. Idan wurin ya cika da tarkace, sai gargaɗin ya ɓace a cikinsu: batir ya ƙare ana tsakiyar aiki, ko riga-kafi ya daina aiki ba wanda ya lura.

Wannan lungu ya zo ne tare da Windows 95 a shekarar 1995. Kamfanin Microsoft ya sa masa suna wurin sanarwa, amma jama'a suka fi kiransa "system tray", wato tiren kwamfuta. Wani injiniyan kamfanin, Raymond Chen, ya danganta wannan suna da wani ƙaramin fayil mai suna systray.exe, wanda ke ɗora wasu alamomin a wurin. Da manhajoji suka yi yawa kowace na neman gurbi, sai Windows XP ta 2001 ta fara ɓoye waɗanda ba a cika amfani da su ba. Windows 7 ta 2009 kuma ta tara su a ɗan akwatin da ke buɗewa idan an danna ƙaramar kibiya.

Kafin a share komai, a fara gane irin alamar, domin iri uku ce, kuma kowace da maganinta.

Ta farko: fatalwa

Ka'ida ita ce, idan manhaja za ta rufe, ta sanar da Windows a cire alamarta. Idan ta sandare, ko aka kashe ta da ƙarfi, ba ta samun damar yin wannan sallama, sai alamar ta zauna alhali mai ita ta tafi. Maganin wannan ba wuya: a wuce da kibiyar maus ta kanta kawai. Nan take Windows za ta gane ba kowa a gidan, alamar ta ɓace.

Ta biyu: mai rai

Wannan manhajarta na nan tana aiki a ɓoye, tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da batir, wani lokaci har da data. A Windows 10 ana iya ɓoye ta: a danna maɓallin dama na maus a kan zirin da ke ƙasan allo, a zaɓi "Taskbar settings", sannan "Select which icons appear on the taskbar". A Windows 11 sunan wurin "Other system tray icons". Sai dai ɓoyewa ba kashewa ba ce, kamar tura shara ƙarƙashin tabarma ne. Idan ana so manhajar ta daina tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, "Task Manager" zai buɗe, a shiga sashen "Startup" a dakatar da ita. A Windows 7 ana yin wannan ta msconfig. Idan kuma ba a bukatarta sam, a cire ta daga kwamfutar gaba ɗaya. Amma kada a taɓa manhajar riga-kafi, komai yawan saƙonninta.

Ta uku: tsohon suna a rajista

Wannan ita ce mai taurin kai. An cire manhaja tun bara, amma da an buɗe jerin zaɓin alamomi sai a ga sunanta. Dalili shi ne Windows na rubuta kowace alamar da ta taɓa bayyana, tare da zaɓin da aka yi mata, a wani kundi da ake kira rajista, kuma cire manhaja ba lallai ya goge wannan rubutu ba. Kamar ɗalibin da ya sauya makaranta ne amma sunansa na nan a rajistar aji.

Ga yadda ake sharewa a Windows 7, 8 da 10:

1. A danna maɓalli mai tambarin Windows tare da R, a rubuta regedit, a danna Enter.

2. A bi wannan hanya daki-daki: HKEY_CURRENT_USER\Software\Classes\Local Settings\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\TrayNotify

3. Kafin a goge komai, a danna dama a kan TrayNotify, a zaɓi "Export", a adana kwafi. Idan an sami matsala, buɗe wannan kwafin zai mayar da abin da aka goge.

4. A ɓangaren dama za a ga IconStreams da PastIconsStream. Waɗannan biyun kaɗai za a goge.

5. A buɗe "Task Manager", a nemo "Windows Explorer", a danna "Restart". A Windows 7 kuwa sai a tsayar da explorer.exe, sannan a shiga "File" a zaɓi "New Task" a sake rubuta explorer.exe. Zirin ƙasa zai ɓace na ɗan lokaci ya dawo, kada a tsorata.

Bayan haka Windows za ta buɗe sabon jeri da manhajojin da ke aiki yanzu. Sai dai duk zaɓin da aka yi a baya na wadda za a nuna da wadda za a ɓoye ya tafi, sai an sake tsarawa. Kuma gyaran na asusun da aka shiga da shi ne kawai, bai shafi na sauran masu amfani da kwamfutar ba.

A sababbin fitowar Windows 11 an sauya ma'ajiyar zuwa HKEY_CURRENT_USER\Control Panel\NotifyIconSettings. A can kowace alama da nata ɗan babin, kuma layin ExecutablePath na nuna manhajar da ta mallake shi. Don haka ana iya goge na wadda aka cire kaɗai, a bar sauran.

Jan kunne

Rajista ba wurin gwaji ba ce. Abin da aka goge a cikinta ba ya zuwa kwandon shara, kuma kuskure a wani babin na iya hana kwamfuta tashi yadda ya kamata. Tsohon suna a jeri kuwa ba ya rage saurin kwamfuta, ido kawai yake damu. Masu rai su ne ke jawo nauyi, kuma gyaransu ba ya bukatar rajista. Saboda haka shawararmu ita ce a fara da mataki mafi sauƙi: a wuce da maus, a duba masu tashi da kansu, sannan in ya zama dole a je rajista.

Kwamfutocin ɗakin kwamfuta kuma na kowa ne, da su masu shirin jarrabawar JAMB ke koyon amsa tambayoyi. Kada wani ya buɗe regedit a kansu sai da izinin malamin kwamfuta, yana tsaye. Wanda ya ga wata alamar da bai gane ba, ya ɗora kibiyar maus a kanta ya karanta sunanta, ya kai wa malam kafin ya danna komai.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta